Yadda Za Ki Zura Mayafinki Ta Cikin Zoben Uwar Miji

Ke amaryar Orenburg, share hawayenki. Kowa ya sani, mayafin gashin akuya na garin nan, in na kirki ne, sulɓewa yake yi ta cikin zobe. Wanda kika saƙa kuwa, karen gida ma ya ɗauka shimfiɗarsa ce. Ki bi matakan nan, na rantse sai kin sayar da shi.

1. Ki ari zobe
Na uwar mijinki Taisiya ya fi faɗi, yatsunta kamar karas suke. Ki marairaice ki ce, "Mama, albarkarsa nake nema." Za ta ce, "Na kakata ne. In ya ɓata, ke ma ki bi shi." Ki yi dariya, ko da yake ba wasa take yi ba.

2. Ki zaɓi baƙo
Ki je tashar jirgin ƙasa, ki nemi matafiyin da hancinsa ya fi ja. Masana sun tabbatar sanyi ta hanci yake shiga ya daskarar da hankali.

3. Ki ja
Ki zura mayafin cikin zoben a gaban baƙon. Zai shiga rabi ya cije. Kar ki firgita. Ki shafa man shanu, ki taka gefe ɗaya, baƙon ya ja ɗayan.

4. Ki yi murmushi
Jirgi zai busa. Baƙon zai ce, "Kai, har da ado a tsakiya!" Ya danƙa miki kuɗi ya haye, da mayafi da zobe. Ki ɗaga masa hannu, kuka sai a hanya.

5. Ki ɗora wa akuya
A gida ki ce, "Mama, akuyarki Zorka ce ta haɗiye zoben." Akuya ba ta musu. Sai dai kullum za ki riƙa bin bayanta da rariya cikin ƙanƙara kina tankaɗe kashinta, Taisiya na kallo ta taga.

6. Ki tauna a hankali
Ranar da haƙurin tsohuwa ya ƙare, za ta yanka Zorka tana kuka, don gashinta ne ke ciyar da gidan. In an zuba miki romo, ki riƙa lalubawa da cokali kamar mai sa rai.

Gargaɗi
Ba ruwana da zoben, ba ruwana da akuyar, balle aurenki. In kuma baƙon nan mai gaskiya ne, ya ƙwanƙwasa ƙofa da zobe a hannu kuna tsakiyar suɗe ƙashi, wallahi ban taɓa ganinki ba.