Buhun Zulfa da Jarrabawar Kujera

Jama'a, kwana uku cur 'yata Zulfa ta yi ba ta ce mini uffan ba. Shekararta bakwai, tana aji ɗaya a firamaren unguwarmu a nan Daura, amma in ka ga yadda take kawar da kai idan na yi sallama sai ka rantse surukata ce. Jiya na gaji, na saɓa babbar riga na tafi makarantar da niyyar faɗa. Na dawo jiki a sanyaye.

Ga yadda aka yi. Bana manyanmu na can sama, Allah Ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, sun gano cewa tsohuwar jarrabawar ƙarshen shekara ta yi wa yara nauyi. Suka yi taron kwana biyar a wani otal, aka ci aka sha, aka fito da sabuwar takardar auna yara mai sheƙi, har da hoton yaro yana dariya a gaban kwamfuta. Ita kuwa Zulfa tun farkon shekara burinta ɗaya ne, ta shiga cikin ukun farko, don su ake kira gaban iyaye ranar ba da hutu a miƙa musu littafi da fensir ana tafi. Karatu ta iya, lissafi kuwa har ni take yi wa gyara. Sai ga takarda ta fito, ta zo ta huɗu. Da na bi layi-layi sai na tarar an ba ta sifili a wurin da aka rubuta: "Yaro yana kula da kujerarsa da teburinsa."

Na nuna wa maƙwabcina Lado. Ya ce, "Mainasara, wace kujera? Ai ni rabon da in ga kujera a ajin nan tun ina saurayi."

Na ce, "Shi ne zan je in ji."

Na sami malamarsu, Malama Hasana, zaune a kan dakalin taga da tarin takardun yara tamanin da wani abu a cinya. Na gaishe ta sama-sama, na ce, "Malama, yaya za a kayar da yarinya a kan kujerar da ba ta taɓa gani ba?"

Ta ce, "Baban Zulfa, zauna mana." Na duba gabas na duba yamma, na ci gaba da tsayuwata.

Ta ce, "An ce mana duk takardar da aka bar layi ɗaya babu maki, dawo da ita za a yi. To mu nan kowane yaro da buhunsa yake zuwa daga gida ya shimfiɗa. Sai muka ce buhun ya zama kujera. Wanda ya zo da nasa a wanke, ya karkaɗe, ya ninke bayan an tashi, maki goma. Duk shekarar nan ba mai buhu kamar na Zulfa. Amma ran Talatar da aka yi awon, haka ta zo hannu biyu, ta zauna a ƙasa. Na tambaye ta, ta ƙi magana, sai hawaye."

Nan take na tuna. Ran Talata ne muka raba buhun taki ni da Lado, ina sauri in kai gona a hanyar Zango kafin hadari ya taso. Na ga wani farin buhu a ninke tsaf a bayan ƙofa, har na yi wa uwargida Maimuna godiya a zuciyata, na ce wannan mata akwai tanadi. Ashe kujerar gwamnati na cika da taki na ɗaure a bayan babur. Kuma yarinyar nan ta gwammace sifili da ta tona wa ubanta asiri a gaban aji. Wallahi kunya ta kama ni, tausayinta kuma ya fi kunyar.

Na ce, "Malama, laifina ne, a taimaka a gyara."

Ta ce, "Ai an riga an kai kwafin takardar ofis. Can ba a karɓar takarda mai goge-goge."

Na ce, "To gobe zan kawo mata 'yar kujerar tsuguno, ta riƙa zama kamar mutum."

Ta zabura. "Rufa mana asiri! Mai duba makarantu ya leƙo ya ga kujera ɗaya, zai rubuta cewa muna da kayan zama, a cire mu daga jerin masu jira. Shekara tara muna cikin jerin nan, yanzu mun kusa tsakiya."

Ai dole a jinjina wa masu wannan tsari. Ba ƙaramin ilimi ba ne a ce kujera ba ta iso ba amma jarrabawarta ta iso a kan lokaci.

Yau da safe aka yi taron ba da hutun. Na tsaya can baya ina kallon Zulfa tana tafa wa ƙawayenta uku, bakinta a cije. A hanyar gida na tsuguna a gabanta na ba ta haƙuri, ni da furfurata, masu babur suna wucewa suna kallona. Sai a nan ta buɗe baki.

"Baba, mutanen da suka rubuto takardar nan, su ma ana yi musu jarrabawar ƙarshen shekara?"

Na ce, "A'a, 'yata."

"To ta yaya suke wucewa aji na gaba?"

Na ce mata ta bari sai mun isa gida. Ranku ya daɗe, in da mai amsa a cikinku ya taimaka ya aiko, don ni dai a iya sanina ban taɓa jin wanda aka ce ya maimaita aji a cikinsu ba.