Rasuwar Malam Toka a Bahon Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, duk da ban saba rubuta abin da jama'a za su karanta ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar katin daidaita launi na shagon hoton Yayana, wanda aka fi sani da Malam Toka. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ɗan kwali ne mai ruwan toka, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ga waɗanda ba su san aikinsa ba, ita kamara ba ta san fari ba sai an nuna mata. A ƙarƙashin ƙwan lantarkin shagonmu takan mayar da lafiyayyen mutum kamar mai ciwon shawara, a inuwa kuma ta shuɗanta shi. Sai a ɗaga Malam Toka a gabanta, ta dube shi, ta dawo hayyacinta. Daga nan fari ya fito fari, baƙi ya fito da kyansa.

Bai taɓa neman suna ba. Shi ake fara ɗauka a kowane aiki, hotonsa kuma ake fara gogewa, bai taɓa cewa uffan ba. Muryarsa ɗaya muka sani, fat-fat-fat, idan an ɗauke wuta Yaya ya mayar da shi mafici.

Ajalinsa ya zo ne ta hannun mai ƙaunarsa. Goggo ta zo share mana shago, ta gan shi a kan tebur, ta riƙe haɓa.

"Kai, yaran nan da ƙazanta kuke! Farin kati kuka bari ya yi wannan dauɗa?"

Ta jiƙa shi a ruwan bilic, ta bi shi da soso. Ko da na shigo ya kumbura, rabinsa fari, rabinsa wani launi da ban taɓa cin karo da sunansa a littafi ba.

"Ai da saura, 'yar nan," in ji Goggo. "Miƙo min sabulu."

Ya rasu ya bar kamara ɗaya, wadda tun ranar take ganin duniya kore-kore, da lemar fitila, da ƙafar kamara mai ɗingishi, da ni. Ni ce abar tausayin. Ranar Asabar ne Yaya zai sakar min kamara karon farko, in ɗauki yadukan da Anti mai ɗinki ke tallatawa a waya. Ta riga ta ja min kunne: "In mai saye ta ga shuɗi a hoto aka kai mata kore, ke za ki ɗaura abinki." Yaya ya ɗora da nasa: "Kina ɓatawa, kin koma kan littattafanki, Malama." Sabon kati kuwa sai an yi oda, ba zai riski Asabar ba.

Na nemi magaji a takardar littafina, da bangon shago, har da murfin bokiti. Duk kamara ta ƙi su. Ina cikin share hawaye Kaka ya shigo yi mana gaisuwa, ya zauna daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sai idona ya faɗa kan gemunsa, furfura ta ci rabi ta bar rabi.

"Kaka, ɗan ɗago haɓarka."

"Ke matar, sai yau kika san mijinki kyakkyawa ne?"

Ƙit! Kamara ta dubi tokar gemun, sannan na juya ta kan wani yadi don gwaji. Shuɗi ya fito shuɗi.

Za a yi jana'izar marigayin gobe bayan an rufe shago. Za a sa shi a tsohon ambulan na hotuna, a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa. Za a karɓi gaisuwa a bencin ƙofar shago, ana roƙon masu zuwa kada su taho da ruwa. Magajinsa zai kama aiki Asabar da safe, ladansa kofin shayi mai madara. Kafin nan, in Kaka ya je aski, ana roƙon mai aski ya ce ba ya nan. Duk kuma wanda ya ga Goggo ta nufi Kaka da soso, don Allah ya riƙe ta.