Hoton Injiniya a Bangon Zaure

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da ranar da na kai kaina Kebbe na sha kunya ba.

Lokacin ina da shagon gyaran kwamfuta a Tambuwal, kai ya kumbura, har ina gyara wa mutane zama idan sun kira ni ba su sa "Oga" ba. Sai abokina Bello ya kawo mini faifan wata tsohuwar kwamfuta ta mahaifinsa, marigayi Injiniya, wanda gwamnati ta tura karatu waje zamanin da man fetur ke tashe. Gara ta cinye duk hotunansa na takarda. Hajiya, matar marigayin, burinta ɗaya: jikoki su ga fuskar kakansu. Ta ce ya taɓa sa hotunansa a na'urar.

Faifan na wani tsohon tsarin kwamfuta ne da ake kira Unix. Irinsu a rarrabe suke sashe-sashe kamar gidan gandu, kwamfutar zamani kuwa ba ta gane tsarin rabon. Tawa ma cewa ta yi babu komai, in goge. Na sha wuya kafin na samo wayar da ta dace, na lallaɓa da manhajar Linux mai kama da shi, sashe ɗaya ya buɗe. Na ga hoto guda a ciki. Maimakon in duba, sai na rufe (wai don Hajiya ta zama ta farkon gani, amma gaskiya tafi nake so).

Na ari majigi, muka tafi Kebbe gidan Hajiya. Aka cika zaure, har da liman. Na yi jawabi, na gyara hula, na danna.

Wani ƙaton biri ya cika bango, hanci ja, kumatu shuɗi. Ashe sashen masu ƙera na'urar na buɗe, birin kuma na gwajin launi ne.

Hajiya ta matso, ta ƙura ido.

"Ɗan nan, wanga shi na Injiniyan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni dai na san shina da saje," in ji ta, "amma ko ran da munka yi faɗa bai kai hakanga ba."

Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Ban tashi daga tabarmar nan ba sai da na tono ragowar sassan. A na can ƙarshe Injiniya yake, matashi, cikin kwat mai faɗin wuya. Hajiya ta shafa bangon, ta jawo jikokin tana hawaye, ni ma na yi.

Tun ranar ba na nuna wa kowa abin da ban fara leƙawa ba. Sai dai darasin ya zo a makare: har gobe idan na shiga Kebbe, Hajiya kan aiko a gaida mai biri.