Harajin Colby na Jiha Uku

"Lafiya lau na tashi, ganinka ne ya ɓata min safiya," in ji Kaka Verlene, tana buɗe wa jikanta ƙofa.

Colby ya shige ciki kai tsaye. Ya dire kwamfuta a teburin kicin. Gyaran wayar lantarki ne aikinsa, duk inda guguwa ta yi ɓarna can ake tura shi. Bara ya yi aiki a jihohin Kansas da Nebraska, ga kuma gida Missouri. Jibi wa'adin miƙa takardun haraji ke cika, kuma da rarar da yake sa ran a mayar masa ya yi alkawarin saya wa tsohuwar tikitin jirgi, ta je jihar Oregon ta ga yayarta Opal da ke kwance ba lafiya.

"Kaka, manhajar harajin nan ta ce ni ake bi bashi. Dala dubu biyu da ɗari huɗu."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Banki ka fasa?"

"Ke zan jinginar musu, in za su karɓi tsohon kaya."

"Tsohon kaya ne ya wanke maka kashi, ja'iri. Juyo min abin in gani."

"Ke da ko wayarki ba ki iya kashewa?"

"Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau turken lantarki ba zai gani ba. Wace jiha ka fara cikewa?"

"Missouri mana. Gida."

Ta zare tabarau ta yi masa kallon wanda ya zagi limamin coci. "Wa ya rene ka? A gidan nan ka taɓa ganin ɗan gida ya ci kafin baƙo?"

"Haraji nake magana, ba tuwo ba."

"Shekara talatin muna bin girbin alkama da kakanka, daga Oklahoma har Dakota, ni ke cike takardun da biro. Jihohin da ka yi baƙunta ake fara sallama. Sannan ka zo gida ka nuna abin da ka biya a waje, su rage maka. Kai ka bar Missouri tana cin abin da wasu suka riga suka ci."

"A zamaninku ai da kaji ake biya."

"Danna dai, mai bakin tsiya."

Ya goge, ya fara da Kansas, ya bi da Nebraska. Da ya dawo Missouri, jan rubutun bashin ya koma kore. Rarar dala ɗari shida da goma. Colby ya saki baki ya kasa rufewa.

"Rufe, kar ƙuda ya shiga."

"Kaka, ke mayya ce."

"Mayyar da ta bar ka ka girma? Naman naka ɗaci gare shi."

Ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Tsohon kaya ya fi sabo."

Ta turo masa kek ɗin tuffa, yankan da ya fi girma. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ci. In ka gama ka nemo min tikitin ranar Asabar. Opal ba za ta iya jiran gwamnati ba."

Colby ya ture farantin gefe, ya ciro katinsa na banki.