Laifina Na Girgiza Firintar Hukuma

Jama'a, ku taya ni murna. Shekara sittin da bakwai ina bin doka a garin nan. Ban taɓa tsallaka titi danja na ja ba, ko da babu mota ko ɗaya. Ban taɓa jefa koriyar kwalba a mazubin fararen kwalabe ba. Amma yau da safe ɗan gidan waya ya kawo mini shaida a rubuce cewa ni, Ottmar, mai laifi ne. Na girgiza kayan hukuma.

Ga yadda aka yi. Maƙwabciyata Iya Edeltraud tana da ɗan lambu a cikin lambunan haya na bayan layin dogo. Shekara arba'in da ɗaya ita da mijinta Siegfried suna nomansa, har Allah ya yi masa rasuwa a farkon bazara. Sai ƙungiyar masu lambu ta ce tunda sunansa ne a takarda, dole ta kawo shaidar cewa a garin nan take zaune, ta asali, mai hatimi, kafin sha biyun ranar Juma'a. In ba haka ba a miƙa lambun ga na gaba a layi, kuma mutum ɗari biyu ne a layin. Shugaban ƙungiyar shekara talatin yana cin kek ɗin tuffarta, amma bai san inda take zaune ba sai hatimi ya gaya masa.

Sati shida ta jira kafin ma'aikatar garinmu ta ba ta ranar zuwa karɓar shaidar, ranar kuwa ta faɗo a Juma'ar ƙarshe, ƙarfe sha ɗaya. Ni na kai ta a mota.

Ma'aikacin da muka samu, Malam Tiedemann, mutumin kirki ne, doka ce kawai ta ɗaure shi tamau. Ya latsa kwamfuta, ya juyo mana da fuskarta.

"Iya, ga takardarki, komai daidai."

"To miƙo, ɗan nan."

"Ai nan gizo ke saƙa. Firinta ta ce tawada ta ƙare. Tun Talata."

Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Na ce to a buga a wani ofishin. Ya dube ni kamar yau na sauka a garin. Ashe na manta da alherin da magajin garinmu, Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah ya ƙara masa hasken kyamara, ya yi mana bara. Shi ne ya kwashe firintocin ma'aikatar kaf a ƙarƙashin shirin "Ofis Babu Takarda". Kun tuna bikin, ai kowane gida sai da aka jefa masa katin gayyata mai shafi huɗu a takarda mai sheƙi. Firinta ɗaya tal aka bari a baranda, ta ma'aikata arba'in. Abin da Mai Girma ya manta ya kwashe shi ne dokar da ta ce takarda ba ta zama takarda sai an doka mata hatimi. Har yau kuwa ba a samu gwanin da zai doka hatimi a gilashin kwamfuta ba.

Na ce, "Kun kashe ta kun kunna?"

"Kashewa aikin sashen lantarki ne. Mutumin yana hutu."

"To ku kira masu gyara."

"Ba a kiransu da baki, Baba. Fom ake cikewa, a buga shi, a sa hannu, a tura ta na'urar fakis."

"A buga shi da wace firintar?"

"Tambayar da muka yi ke nan ranar Talata," in ji shi. "An kafa kwamiti."

Ni fa shekara ashirin da takwas na yi ina kula da ginin makarantar firamare, na san halin irin wannan firintar kamar yunwar cikina. Ba ruwan tawada take sha ba, gari ne baƙi a cikin wani dogon gwangwani. Idan ta ce ya ƙare, maganar ɗan takara ce. Garin yana nan maƙale a gefe. Ka zaro gwangwanin, ka jijjiga shi dama da hagu sau biyar, ka mayar, sai ta ba ka shafi hamsin tana murmushi. Na gaya wa Malam Tiedemann haka. Ya kai ni baranda ya nuna mini wata jar takarda da aka manna a bakin murfin: ba mai buɗewa sai kamfanin da aka ba kwangila.

Agogo ya nuna sha ɗaya da minti ashirin. Iya Edeltraud ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Jakarta kawai ta rungume ta ce, "Ottmar, bari mu tafi. Itacen tuffar nan Siegfried ne ya dasa shi shekarar da aka haifi 'yarmu. Ka roƙar mini wanda za a ba, kada ya sare." Wallahi raina ya ɓaci, har na ji kunyar garinmu.

Malam Tiedemann ya gyara tabarau, sannan ya ce da ƙarfi yadda duk layi zai ji, "Doka ta ba ni hutun kofi na minti goma sha biyar. Yanzu zan tafi. Ɗakin kofin kuma ba shi da taga ta wajen baranda."

Ko ƙofa bai gama rufewa ba na farke jar takardar, na zaro gwangwani, na yi masa jijjigar da ake yi wa jariri mai rigima. Baƙin gari ya ɓata mini gaban riga. Na mayar, na rufe. Firinta ta yi gurnani, ta fara aman takardu.

To ana wata ga wata. Duk abin da ma'aikata arba'in suka tura mata tun Talata yana cikinta a jere, kuma bi da bi take fitarwa, ita ma 'yar ƙasa ce mai bin layi. Na farko rahoton zaman kwamitin gyaran firinta, shafi uku, kwafi goma sha biyu. Ina tsaye ina kallon tawadar Iya tana ƙarewa a kan jawabin godiya ga shugaban kwamiti. Rubutu ya fara dusashewa. Na sake zarowa, na jijjiga, wannan karon har da ɗan mari. Sha biyu saura ashirin da biyar takardarta ta fito, fari-fari amma tana karantuwa. Malam Tiedemann ya dawo yana goge baki, ya ce, "A'a, ikon Allah, ta warke da kanta!" Ya doka hatimi. Mutanen layi suka gyaɗa mini kai, wanda a garin nan daidai yake da guɗa.

Saura minti takwas muka isa ofishin ƙungiya. Shugaba ya ɗaga takardar sama ya haska, ya shafa hatimin da yatsa, ya ce, "Ashe a garin nan kike, Edeltraud." Lambu ya tsira.

Washegari jarida ta ruwaito Mai Girma yana cewa an shawo kan matsalar cikin gaggawa bisa jajircewar kwamiti. Madalla, Allah ya bar mana su.

Ni kuma ga tawa wasiƙar, don ashe barandar na da kyamara. Ta fara da cewa an gan ni ina taɓa dukiyar jama'a ba izini, saboda haka hukuma ta yanke cewa... daga nan sai wani farin layi ya ratsa takardar, ya cinye hukuncin gaba ɗaya. Sa hannu kawai ya fito a ƙasa. Ni kuwa mai bin doka ne, ba na son a hukunta ni ban san da me ba. Na buga wa Malam Tiedemann waya na ce a sake bugo mini.

"Da so samu ne, Baba," in ji shi. "Ta sake cewa tawada ta ƙare. An farfaɗo da kwamiti." Ya ɗan yi tari, ya rage murya. "Gobe ƙarfe goma nake tafiya hutun kofi."

Zan je, amma da tsohuwar riga. Iya Edeltraud ta ce in tafi masa da yankan kek ɗin tuffa. Na ce ta bari tukuna in bincika, kada ya zama shi ma sai an cike fom.