Yadda Za Ka Ƙara wa Motar Surukinka Gudu

Ka taki sa'a. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci cikin mako guda tsohuwar motar da ke ƙofar gidanka za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, dangin matarka kuma ba za su manta da kai ba har abada. An gwada an gani. Wani tela maƙwabcina ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da shi za mu riƙa misali.

1. Samo motar da ba taka ba

Mai wayo ba ya gwaji da kayansa. Surukin Tela tsohon direba ne, shekararsa ashirin da shida da wata mota mai silinda huɗu da turbo, har yanar ido ta rufe masa gani. Ya kira Tela ya damƙa masa makulli.

"Riƙe ta a wurinka. Ranar Alhamis ƙarfe tara za ka kai ni asibitin ido. Wata biyar ina jiran layin aikin nan, in ya wuce ni sai baɗi."

"An gama, Baba."

Ka lura da kyau, tsohon bai ce kada a taɓa injin ba.

2. Raina ta

Buɗe bonet, kama ƙugu, girgiza kai. Irin wannan injin gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, in ana lallaɓa shi sai ya binne mai shi. Amma yana da hali. Ka taka totur ya yi kamar ba da shi kake ba, sai ka ƙirga uku sannan turbo ya farka ya hankaɗa ku gaba. Yana son sabon baƙin mai, yana son a bar shi a kunne minti biyu ya huce kafin a kashe, tiyoyinsa kuwa duk sun bushe. Baba ya san wannan, ya zauna da shi lafiya. Kai kira shi ciwo.

Tela ma da farko ya haƙura, sai ranar da wani mai babur ya wuce shi a danja yana waiwaye yana dariya. Abin ya tsaya masa a wuya.

3. Guji bakanike

Cewa zai yi ka bar ta yadda take. Me ya sani? Ga waya a hannunka. Tela ya kalli bidiyo uku a shago, ya bar wandon mutane a ƙarƙashin allura, ya gane kan abin. Turbo iska yake ɗura wa injin. Akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta rage masa ƙarfi in zai wuce gona da iri, wani siririn ƙarfe mai zare ke riƙe da ita. Ka gajarta ƙarfen, ƙofa ta makara, ƙarfi ya ƙaru.

"Ashe rage tsawo ne kawai," in ji Tela. "Ai sana'ata ce."

4. Auna da idon sana'arka

Mai bidiyo ya ce juyi biyu, kada a ƙara. Tela ya ɗauko tef ɗin awo da alli, ya sa alama, ya rage rabin inci cur, domin a wurinsa abin da bai kai haka ba ba gyara ba ne. Ya ga bakin wani tiyo ya saki, ya ɗaure shi da robar ƙugun wando, ninki uku. Yana cikin haka maiɗakinsa ta leƙo.

"Baban yara, me kake yi a cikin motar Baba?"

"Ƙura nake sharewa."

"Da sifana?"

Irin wannan tambaya ba a amsa ta. Ƙara cusa kanka cikin injin.

5. Gwada ta, amma kada ka saurare ta

Daga ƙofar gida zuwa kwana ya isa. Motar ta zabura, Tela ya ji bayansa ya manne da kujera, ya yi ihu shi kaɗai. In ka ji wani ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani, ƙara muryar rediyo.

6. Ɗauko mai ita

Ranar Alhamis Baba na gaba, 'yarsa, matar Tela, na baya da jakar kaya. Abin da Tela ya manta shi ne, ido ne ya tafi, kunne na nan. Ko mil guda ba su yi ba tsohon ya karkata kai.

"Sassauta ƙafarka. Wa ya taɓa mata ƙofa?"

"Man ne ba shi da kyau, Baba."

Don ya nuna lafiya lau take, ya taka ta a hawa. Sai fam! Tiyo ya fizge, mota ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta gangara gefen titi ta yi shiru. Ƙarfe takwas da kwata, asibiti na can ƙarshen gari, babu ko mai keke a hanyar. Tela ya ƙirga wata biyar ɗin nan a zuci, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

7. Riƙe bonet

Wannan ne kawai aikinka yanzu, tunda sandar tokare shi ta daɗe da karyewa. Baba ya fito, ya jira injin ya ɗan huce, ya naɗe hannu da tsumma yana lalube. Ya zaro wani abu mai miƙewa ya ja shi sau biyu.

"Wannan fa?"

"Ta wando ce, Baba."

"To."

Ya ce da 'yarsa ta buɗe but ɗin motar, akwai maɗaurin tiyo a cikin gwangwani. Ashe tun tana 'yar shekara takwas ita ke miƙa masa sifana. Ta ɗaure tiyon, ta shiga warware siririn ƙarfen, yatsan tsohon na kai yana ƙirgawa, har ya ce, "Nan ne, tsaya." Ta shiga ta kama sitiyari. Sun isa ana kiran sunan Baba karo na biyu.

8. Karɓi sakamakonka

Bayan kwana uku aka cire bandeji. Baba ya zagaya motarsa yana shafa ta, sannan ya dubi rigar jikinsa.

"Ɗana, yau na ga ɗinkinka. Wallahi hannunka yana da kyau."

Tela ya fara murmushi. Tsohon ya miƙo tafin hannu, ya karɓi makulli, ya ba 'yarsa.

"Ke za ki riƙe ta. Shi a bar shi da kekensa na ɗinki, ba shi da turbo."

Tela ya ce da duka aka yi masa da ya fi sauƙi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ko lasisin tuƙi ba shi da shi. Injin da ya buga, gasket ɗin injin da ya ƙone, surukin da ya daina amsa gaisuwa da fara'a, duk babu ruwansa. Mai ƙorafi ya kai wa Tela. Ana samunsa kullum da safe a ƙofar gida, rungume da yadukansa, yana jiran matarsa ta rage masa hanya.