Baƙin Tukunya a Zanen Iliya

Har gobe ina kan bakana, laifin Iliya ne, ɗan maƙwabciyata Maman Rahila, wanda ya karanta zane. Shi ya roƙe ni in zauna gaban murhu ya zana ni da fentin mai, wai za a kai hoton baje koli Kaduna. Na ɗaura atamfar sallah na zauna.

Yaron nan ba ya rufa wa kowa asiri. Shafi kan shafi yake yi, har gumin goshina sai da ya fito. Wannan na yafe. Amma da na leƙa zaure inda ya jingina hoton, sai ga tukunyata, gindinta baƙi ƙirin! Ni da duk Tudun Wada ake aron tukwanena saboda ƙyalli? Matan Kaduna su ce ƙazama ce?

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Na jiƙa tsumma da kananzir na goga. Wa ya gaya mini fentin nan yakan yi makonni bai bushe ba? Baƙin ya bi tsumma ya hau atamfa, garin gyara ya cinye mini rabin fuska.

Iliya ya shigo ya dafe kai. "Inna! Gindin tukunyar nan ya fi komai ba ni wuya!"

Na ce, "To, wa ya aike ka?"

Maman Rahila dariya har da zaman dirshan.

Hoton bai ga Kaduna ba. Yanzu da na ɗauki soso, sai Malam, mijin nawa, ya ce da jikoki, "Ku sauke hotunan bango, Inna za ta yi wanke-wanke."